Mudun wa ke ƙarya? Rigimar awon sararin samaniya

Kawuna ya yi shekara fiye da talatin yana awon hatsi a kasuwar Jega, kuma a bakinsa na fara jin cewa idan mutum biyu suka auna buhu ɗaya suka sami lissafi daban, ba a farawa da zagi. Abu uku ake dubawa. Ko dai mudun ɗayansu ya lotsa, ko hannun ɗaya ya fi yin tozo, ko kuwa hatsin ne da kansa ya canja tsakanin awon farko da na biyu, ya sha iska ya bushe, ko ɓera ya yi masa ta'adi. Maganar nan ta dawo mini a daren da wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Aliero ya turo mini saƙo ta WhatsApp: "Malam, wai da gaske ne masana sun janye maganar Babbar Fashewa? An ce sabon madubin hangen nesan nan ya ƙaryata su."

Ba su janye ba. Babbar Fashewa dai ita ce bayanin masana na cewa sararin samaniya ya faro ne a curarre cikin zafi, yana ta buɗewa tun daga lokacin. Amma yaron bai ji ƙarya tsagwaronta ba, ya ji ƙarshen zance ne bai ji farkonsa ba. Akwai rigima ta gaske a tsakanin masu nazarin sararin samaniya, ta kai shekara goma tana ruruwa, kuma irin rigimar kasuwar Jega ce sak: mudu biyu, kaya ɗaya, lissafi ya ƙi haɗuwa.

Sai mun fara sanin abin da ake aunawa. Taurarin da muke gani da dare, daga Kaza da 'ya'yanta har zuwa waɗanda manoma ke lissafin damina da su, duk 'yan garke ɗaya ne da Ranarmu, garke mai taurari fiye da biliyan 100. Irin wannan garke kuwa akwai biliyoyinsa. A 1927 wani limamin coci ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya fitar daga lissafin Einstein cewa sararin da ke tsakanin garkunan nan ba a tsaye yake ba, buɗewa yake yi. A 1929 Edwin Hubble ya nuna haka da awo a Amurka: garken da ya fi nisa da mu, shi ya fi saurin ƙara nisa. Sunan Babbar Fashewa yana ruɗa mutane, don yana sa a zaci wani abu ne ya tarwatse a wuri guda, ɓaraguzansa suka watsu cikin fili. Ba haka ba ne. Ka ɗauki fatar da majemi ya ɗiga wa tawada nan da can, sannan ya kafe ta yana ja ta kowace kusurwa. Ɗigon ba ya tafiya, fatar ce ke miƙewa, kuma kowane ɗigo zai ga sauran suna guje masa, na nesa ya fi na kusa sauri.

Saurin miƙewar nan a yau shi ne lambar da ake faɗa a kai. Ana faɗinta haka: garken da ke nesa da mu da tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26 yana ƙara nisa da kilomita kaza a kowace daƙiƙa. In lambar 70 ce, to a daƙiƙa biyu da ɗan wani abu ya ci tazarar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Wanda ya ninka shi nisa sau goma yana cin kilomita 700 a daƙiƙa. Maƙwabtanmu na jiki ba sa cikin wannan lissafi. Garken Andromeda, wanda mai ido zai iya hangowa kamar ɗan hayaƙi a ƙauyen da babu hasken lantarki, matsowa ma yake yi gare mu, domin a kusa ƙarfin janyowa ya fi miƙewar ƙarfi.

Mudu na farko na masu auna yau da yau ne. Matsalarsu ita ce sama ba ta da alamar kilomita irin ta bakin titi. Saurin da garke ke guje mana yana da sauƙin ganewa, don haskensa yana rinjaya zuwa ja gwargwadon yadda sarari ya miƙe yana kan hanya. Nisan ne aiki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Neja a Yawuri da dare ya san dabarar: in ka san duk masunta irin cocila ɗaya suke riƙe da ita, to dusashewar hasken kowane jirgi za ta gaya maka nisansa. Abin da ake nema a sama ke nan, fitilar da aka san ainihin ƙarfinta. A 1912 Henrietta Leavitt ta gano cewa wasu taurari masu bugawa kamar zuciya, su yi haske su dusashe, tsawon lokacin bugun nasu yana bayyana ainihin ƙarfin haskensu. Da su ake auna garkunan kusa. Daga nan sai a taka mataki na gaba, a yi amfani da wani nau'in fashewar tauraro wanda kusan kullum da ƙarfi ɗaya yake tashi, ana kuma hango shi daga nisan da waɗancan taurari sun ɓace. Tsani ne, kowane mataki yana kan na ƙasansa. Tawagar Adam Riess, wanda ya fi kowa daɗewa a kan tsanin nan, ta bayyana sakamakonta a 2022: 73, da yiwuwar kuskuren kusan ɗaya sama ko ƙasa.

Mudu na biyu ba ya duban yau ko kaɗan. Lokacin da sararin samaniya yake da shekara kusan 380,000, zafinsa ya sauka har haske ya sami hanyar wucewa a karon farko. Wannan haske yana nan har gobe, yana zuwa daga kowace fuska, sai dai doguwar tafiya ta miƙe shi ya koma irin igiyar da rediyo ke kamawa, sanyinsa bai kai maki 3 sama da ƙarshen sanyi ba. Wasu ma'aikata biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka ci karo da shi a 1965 suna neman abin da ke sa na'urarsu shuu, har kashin tattabaru suka share daga cikinta suna zaton shi ne. Kumbon Planck na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba a 2009, ya zana taswirar wannan haske dalla-dalla. Daga ɗigo-ɗigon zafi da sanyi da ke cikinta aka karanta shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8, da kuma abin da ke cikinsa. Sai a ɗauki wannan hoto na jarirantaka, a sa shi cikin lissafi, a tura shi gaba har zuwa yau, a ga saurin da ya kamata a samu. Amsar da suka bayar a 2018 ita ce 67.4, kuskurenta bai wuce rabin ɗaya ba.

A nan ne maganar kawuna ta shigo. Masu Planck kamar manomin da ya auna gero da kaka ne, ya zuba a rumbu, ya lissafa bushewa da abin da za a ci, ya ce in aka buɗe da bazara mudu 67 za a samu. Su Riess kuma sun buɗe rumbun sun auna, suka ce 73 ne. A da, lokacin da kowane ɓangare kuskurensa ke da faɗi, ana cewa a yi haƙuri, in awo ya gyaru za su haɗu a tsakiya. Awon ya gyaru, ba su haɗu ba. Kowa ya ƙara kafewa a inda yake.

To, mudun wa ya lotsa? Zargin farko ya faɗa kan tsanin, don yana da matakai da yawa, kuma kuskure kaɗan a ƙasa yana girma a sama. Akwai ƙura a sararin samaniya, tana dusashe haske kamar yadda hazon hunturu ke sa fitilar mota ta kusa ta zama kamar ta nesa. Akwai kuma cunkoso: tauraron da kake aunawa yana iya cakuɗewa da hasken maƙwabtansa, ka zaci ya fi haske. An sa rai madubin James Webb zai raba gardama. An harba shi ranar 25 ga Disamba 2021, yana zaune nesa da mu da kilomita miliyan 1.5, faɗin madubinsa mita 6.5, kuma yana gani da irin hasken da ke ratsa ƙura. Su Riess suka sake duba taurari masu bugawa fiye da 1,000 da shi, suka bayyana a 2024 cewa tsohon awonsu yana nan daram. Amma Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago, wadda ita ma ta yi shekaru da dama a wannan fage, ta yi amfani da Webb ɗin nan dai da wasu nau'o'in taurari daban, ta sami kusan 70, ta ce ita ba ta ga dalilin tayar da hankali ba tukuna. Manyan masana biyu, na'ura ɗaya, kuma saɓaninsu ya koma kan waɗanne garkuna ya kamata a sa a lissafi. Wannan kuwa maganar tozo ce, ba ta mudu ba.

Ɓangaren kaka ma an sake duba shi. Wani madubi da ke hamadar Atacama a ƙasar Chile ya auna tsohon hasken nan da kansa, ya fitar da sakamakonsa na ƙarshe a Maris 2025, ya sake faɗawa tsakanin 67 da 68. Ni a ganina wannan ne ya sa abin ya yi nauyi. Da wuya a ce duk waɗannan hannaye sun yi kuskure iri ɗaya. In kuwa mudun biyu lafiyarsu lau, saura abu na uku: wani abu ya faru a cikin rumbun wanda lissafinmu bai san da shi ba.

Lissafin kuwa, in aka faɗi gaskiya, yana tsaye ne a kan abubuwa biyu da aka raɗa wa suna ba a ga fuskarsu ba. Duk abin da muka sani, ƙasa da ruwa da iska da jikinmu da taurari, kashi 5 ne kawai cikin 100. Kusan kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi wanda ba ya haske, ba ya kuma tare haske. Fritz Zwicky ya fara zarginsa a 1933, sannan a shekarun 1970 Vera Rubin ta nuna cewa taurarin da ke gefen garkuna suna gudun da ya isa ya watsar da su, da ba don wani nauyi da ba a gani yana riƙe da su ba. An yi shekaru ana farautar ƙwayarsa. A jihar Dakota ta Kudu, cikin wani tsohon ramin haƙar zinariya mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, an ajiye tan goma na wani ruwa mai suna zenon ana jira ko ƙwaya ɗaya ta bugi wata zarra a cikinsa. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san abin da ake shiga rami nema. Waɗannan sun shiga neman abin da ba a taɓa gani ba, kuma har yanzu ba su fito da shi ba.

Sauran kashi 68 ɗin shi ne ya fi ɗaure kai. Kafin 1998 yawancin masana sun ɗauka miƙewar sarari tana rage sauri, tunda nauyi yana jan komai baya, kamar dutsen da ka jefa sama. Tawaga biyu masu gasa da juna, ɗaya ta Saul Perlmutter, ɗaya ta Brian Schmidt da shi Riess ɗin nan, suka tashi auna yawan raguwar. Sai suka ga fashewar taurarin nesa ta fi dusashewa a kan yadda ya kamata, wato sun fi nisa. Dutsen ba rage gudu yake ba, ƙarawa yake. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2011. Abin da ke tura sararin aka kira shi ɓoyayyen ƙarfi, kuma sunan ba bayani ba ne, alama ce kawai da aka kafa a kan rami don kada a manta akwai shi.

Mafi sauƙin fassara ita ce wadda Einstein ya taɓa sa wa cikin lissafinsa a 1917, ya kuma yar da ita daga baya: cewa shi kansa fili, ko babu komai a cikinsa, yana da wani ɗan ƙarfi nasa wanda ba ya canjawa. Ka ƙara wa kunu ruwa, ya tsinke. Haka nauyi yake, sarari na buɗewa yana tsinkewa. Amma wannan ƙarfi kunu ne da duk ruwan da ka ƙara masa kaurinsa na nan, don kowane sabon fili da nasa yake zuwa. Shi ya sa a farko nauyi ne ke da rinjaye, daga baya, shekaru biliyoyi kaɗan da suka wuce, ɓoyayyen ƙarfi ya karɓe ragama. Shekara ashirin da biyar wannan fassara tana cin kowace jarrabawa.

Sai ga DESI. Na'ura ce da aka ɗora a kan wani madubi mai faɗin mita 4 a dutsen Kitt Peak na jihar Arizona. Tana da ƙananan hannaye 5,000 masu sarrafa kansu, kowanne riƙe da zaren gilashi siriri kamar gashi, su juya su saita garkunan taurari 5,000 a lokaci guda, bayan 'yan mintuna su koma kan wasu. Ta fara aiki a 2021. Abin da take nema yana da daɗin bayani. A farkon zamani, lokacin da komai yake curarre cikin zafi, akwai igiyoyin sauti da ke ratsa shi, kamar zoben da ke buɗewa in ka jefa tsakuwa a ruwan Matan Fada. Da zafin ya sauka a waccan shekara ta 380,000, sai zobban suka tsaya cak a inda suke, kamar a ce ruwan ya janye ya bar shatinsu a kan laka. Garkunan taurari sun fi tsirowa a kan shatin. Saboda haka har yau, in ka ɗauki garke ɗaya ka ƙirga maƙwabtansa, za ka ga sun ɗan fi yawa a nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 490. An fara ganin wannan alama a 2005. Sanda ce ta awo da aka san tsawonta, a warwatse ko'ina. Kuma tunda hangen nesa a sama hangen baya ne (hasken Rana ma da kake gani ya baro ta minti takwas da suka wuce), DESI tana iya duba yadda sandar take a zamani daban-daban, har shekara biliyan 11 baya, ta karanta tarihin miƙewar kamar mai karanta zobban kututturen itace.

A Afrilu 2024 suka ce sun ga wata 'yar alama. A Maris 2025, da bayanan shekara uku da garkuna da makamantansu kusan miliyan 15, alamar ba ta ɓace ba, ƙaruwa ta yi. Abin da take nunawa shi ne ɓoyayyen ƙarfin nan kamar ba tsayayye ba ne. Kamar ya kai ƙololuwarsa shekaru biliyoyi da suka wuce, yanzu yana ja da baya. Kunun ya fara tsinkewa.

A nan ne nake so ɗalibina ya rage gudu, don nan ne masu kanun labarai ke tsallakewa. Bayanan DESI su kaɗai ba su ƙaryata tsohon lissafi ba. Sai an haɗa su da na tsohon haske da na fashewar taurari alamar ke fitowa, kuma ƙarfinta ya danganta da tarin fashewar taurarin da aka zaɓa. Masana fiziks suna auna ƙarfin hujja da ma'aunin da suke kira sigma. Ba sa cewa an gano abu sai ya kai sigma 5, wato yiwuwar sa'a kawai ta haifar da irin wannan sakamako ba ta wuce ɗaya cikin miliyan uku da rabi ba. Na DESI a Maris 2025 ya tsaya tsakanin 2.8 da 4.2. Kuma ba tsaurin banza ya sa suka kafa wannan shinge ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2011 wani gwaji a Italiya ya nuna wasu ƙwayoyi sun fi haske gudu, duniya ta ɗauka, bayan watanni aka gano wata waya ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. A 2014 wasu masu aiki a ƙarshen kudancin duniya suka ce sun ga sawun daƙiƙar farko ta sararin samaniya, kafin shekara ta zagayo aka gane ƙurar garkenmu ce suka gani. Hazo ya sha cin mutuncin manya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko da maganar DESI ta tabbata, ba ta sasanta rigimar 67 da 73 ba. Mutum zai so a ce ɓera ɗaya ne ya yi ɓarnar biyu, a kama shi a huta. Lissafin bai ba da haka ba. Raunanar ɓoyayyen ƙarfi a zamanin baya-bayan nan ba ta ɗaga 67 zuwa 73. Masu neman sasanta waccan rigima sun fi karkata ga farkon zamani: wataƙila akwai wani ƙarfi da ya taso na ɗan lokaci kafin shekara ta 380,000 ya gajarta sandar awon, sannan ya ɓace. Tunani ne mai kyau, sai dai sabbin awon tsohon haske sun matse masa wuri ƙwarai.

Su kuwa masu nazarin alli da allo, waɗanda ba sa taɓa madubi, labarin DESI ya yi wa wasunsu daɗi, kuma akwai dalili. Tsayayyen ƙarfin Einstein ya daɗe yana ba su kunya. Ilimin kwantam, wanda ke bayanin ƙananan ƙwayoyi, shi ma ya yarda fili ba ya zama wayam, yana da ƙarfi. Amma in aka lissafa yawan ƙarfin ta hanya mafi sauƙi, amsar tana fin abin da aka auna da ninkin da za ka rubuta 1 ka jera mata sifili kusan 120. Ba a taɓa yin hasashen da ya kauce haka ba. In kuwa ƙarfin yana canjawa, to ba halin fili ba ne, wani abu ne da ke cikin filin, mai gangarowa a hankali, kuma abin da ke motsi ana iya bin sawunsa. Masu nazariyyar tsirkiya, waɗanda ke cewa asalin kowace ƙwaya wata 'yar tsirkiya ce mai kaɗawa kamar ta molo, suna cikin masu murna. Tun 2018 Cumrun Vafa na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa nazariyyarsu da wuya ta haifi sarari mai tsayayyen ƙarfi, ta fi son mai raguwa. Amma kada a yi saurin buga tambari. Siffar da ta fi dacewa da bayanan DESI tana nuna cewa a can baya ƙarfin ƙara kauri yake yi yayin da sarari ke buɗewa, abin da mafi yawan nazariyyoyi masu sauƙi suka haramta. Ko dai akwai abin da ya fi zurfi, kamar ɓoyayyen abu da ɓoyayyen ƙarfi suna musayar wani abu a tsakaninsu, ko dokar janyowa ta Einstein tana buƙatar gyara a manyan tazara, ko kuwa siffar da aka zana ce ba ta dace ba.

Maganar da ta tayar da ɗalibina kuwa, ta cewa Webb ya ƙaryata Babbar Fashewa, ita ce mafi rauni a cikinsu duka. Gaskiya ne Webb ya ga garkuna masu haske tun da wuri fiye da yadda aka zata. A 2024 ya hango wani da ya riga ya kafu shekara miliyan 290 kacal bayan farawa, daga baya ma aka sami iskar oksijin a cikinsa, alamar cewa wasu taurari sun riga sun rayu sun mutu a wurin. Amma da aka duba da kyau, wasu daga cikin waɗanda aka zaci sun cika girma, hasken nasu na baƙin rami ne, wato wani curi mai tsananin ƙarfin janyowa, da ke haɗiyar iska a tsakiyarsu, ba na yawan taurari ba. Abin da ya girgiza shi ne fahimtarmu ta yadda garkuna ke girma. In ka ga yaro ya yi gemu da wuri, ba ka cewa ba a haife shi ba.

Wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin taki da ambaliya a fadama, ina ruwanmu? Ba zan yi masa ƙaryar cewa 67 ko 73 za ta sauke farashin shinkafa ba. Abin da ke rataye a kan lambobin shi ne makomar sararin kansa a ma'aunin lissafi. In ƙarfin tsayayye ne, miƙewa za ta ci gaba da sauri har garkunan nesa su ɓace wa gani, komai ya huce. In yana raguwa, ƙofa ta buɗe: tana iya lafawa, tana ma iya juyawa. Ana maganar biliyoyin shekaru ne, kuma wannan lissafin abin da awo ke nunawa ne, bai shiga hurumin sanin gaibu ba. Abin da ya shafe mu kai tsaye ya fi wannan kusa. A Maris 2025 ɗin nan dai, DESI ta saki bayanan shekararta ta farko kyauta a intanet, abubuwa fiye da miliyan 18. Ɗalibin fiziks a Aliero ko Birnin Kebbi ko Gusau, in yana da kwamfuta da data da malamin da zai nuna masa hanya, abin da na Chicago zai sauke shi ma shi zai sauke. Sabon madubin da aka sa wa sunan Vera Rubin a Chile ya nuna hotunansa na farko a Yuni 2025, zai kuma yi shekara goma yana ɗaukar samaniyar kudu a kai a kai. Kumbon Euclid na Turai yana sama tun Yuli 2023. Bayanan da ke tafe sun fi ƙarfin hannayen da ke akwai.

Da na kai wa kawuna labarin nan a taƙaice, yana zaune a kan buhu, bai tambaye ni komai game da taurari ba. Cewa ya yi, "To, ɗana, ba su da mudu na uku? A kasuwa in biyu sun yi gardama, na Sarkin Awo ake ɗaukowa."

Akwai shi, Kawu, sai dai bai gama ƙeruwa ba. A ranar 17 ga Agusta 2017, na'urorin da ke sauraren girgizar sarari a Amurka da Italiya suka ji karon wasu gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130, kuma madubai suka ga hasken karon a garken da ya faru. A irin wannan karo ne ake ƙera wani kaso na zinariyar da ke cikin ƙasa, har da wadda ake tonowa a Zamfara. Amfaninsa ga rigimarmu shi ne girgizar da kanta tana faɗin nisan, ba tsani, ba ƙura, ba lissafin kaka. Amsar da ta bayar 70 ce, amma da kuskuren kusan goma sama ko ƙasa, wato ta rungume 67 da 73 duka ba ta raba su ba. Masana sun lissafa cewa in aka tara irin wannan karo kamar hamsin, kowanne an ji shi an kuma ga haskensa, kuskuren zai matse har ya nuna wanda ke da gaskiya. Guda ɗaya ke hannu, kuma shekaru sun shuɗe ana jiran na biyu.